Abin da Mayen Ƙarfe Bai Kama Ba

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto wai in daina ƙorafi, ni da na samu miji mai sana'a a shekarar da mutane ke neman abin kaiwa baki. Na gode, 'yar uwa. Karanta na yau tukuna, sannan ki dawo ki faɗa min inda zan sa kaina.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Wasila, 'yar autar Malam Alkasum mai zubin tukwane a nan Birnin Damagaram. Duk wadda ta taɓa sayen tukunyar dalma a Kasuwar Dole, da wuya in ba daga hannun Babana ta fito ba. Wanda zan aura kuwa Suma'ila ne, mai haɗa wa mutane wutar sola. An sa rana, kuma Alhamis mai zuwa aka tsara danginsa za su kawo akwati.

Tun ina 'yar lakkwal, wato makarantar boko, nake da asma. Hayaƙi kaɗan ya isa ya kai ni asibiti. Ko turaren wuta ba na iya tsugunawa a kai, ƙawayena har tsiya suke min wai ni ce amaryar humra zalla. To bana da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, itace ya zama abin nema, mutane suka koma hura kara da kashin shanu, wasu har da leda. Wata rana Suma'ila ya zo zance, maƙwabciyarmu ta hura irin wannan wutar, numfashina ya sarƙe a gabansa. Da idonsa ya ga ina jan iska kamar kaza ta haɗiyi ƙashi. A ranar ya rantse ba za a hura wuta a gidansa ba, ko ta gaz ce, don ita ma tsoronta yake ji tun da ta ƙone wata ƙanwar babarsa.

Shi ne ya sayo wani murhu baƙi, shafal da shi kamar gilashin tebur, plak suke ce masa. Ba harshen wuta, ba hayaƙi, da kuran, wato wutar lantarki, yake aiki. Ranar da ya turo min hoton murhun kuka na yi, wallahi, na ce a raina yau na samu mai tausayina.

A gidanmu akwai al'ada. Duk 'yar da za ta yi aure, Baba ne ke zuba mata tukwanenta da hannunsa, da sunanta a jiki. Yaya Lubabatu ta samu nata, Yaya Jummai ma haka. Da Suma'ila ya zo gaishe shi bayan sa rana, ina laɓe a bayan ƙofar zaure. Tun daga waje ya tuɓe takalmi, ya shigo ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa, yana murza hularsa a hannu.

Baba ya ce, "An ce ka sayo murhun da ba ya hayaƙi. Allah ya yi maka albarka. Wace irin tukunya yake so?"

Ya ce, "Baba, shi dai... sai mai shimfiɗaɗɗen gindi, wadda za ta zauna daram..."

"Shi ke nan? An gama! Bar min wannan."

Na ga bakin Suma'ila ya motsa kamar zai ƙara wani abu, sai ya haɗiye, ya ce, "To, Baba." Na ɗauka kunyar suruki ce, har na yi murmushi a inda nake.

Ku gane, kafin wannan ranar maƙerar Baba a mace take. Wa zai sayi tukunya alhali babu abin dafawa? Yini yake a zaune a bayan gida, yana kallon mayen ƙarfensa da ke rataye a jikin ƙusa. Wani tsohon maye ne da ya ciro daga lasifikar rediyo, ya ɗaura masa igiya. Da shi yake tace tarkacen da zai narkar. Duk abin da mayen ya kama, baƙin ƙarfe ne, sai a jefa shi can bayan katanga don kada ya ɓata zubi. Ina ƙarama ni ke jan igiyar nan cikin tarkace, shi ne kawai aikin maƙera da aka yarda in taɓa, don ba a kunna wuta ba tukuna.

Dalmar da za a zuba min ma babu. Ana cikin haka sai ga Gwaggo Kande, yayar Baba, daga Durum. Duk bikin gidanmu da buhun gero take zuwa a kan amalanke. Wannan karon a ƙasa ta tako daga tasha, zanenta ya koɗe, wuyanta ya yi tsawo, ga babbar tukunyarta ta aure a kife a ka. A bayanta an ɗauro ƙananan tukwane da ludaya na sauran dangi cikin buhu.

Ta sauke a tsakar gida ta ce, "Alkasum, gero dai babu. Ga wannan, narkar ka zuba wa autarka."

Baba ya ce, "Haba Yaya, tukunyar da Babanmu ya zuba miki?"

Ta ce, "Me zan dafa a cikinta bana? Gara ta je inda za a ɗora ta."

Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na shige ɗaki.

Daga ranar Baba ya dawo mutum. Ya sake sabon gurbin zubi a cikin ƙasa, don irin namu gindinsu a kumbure yake. Sau nawa yana zubawa yana fasawa, wai bai yi daidai ba. Da ya samu yadda yake so, sai ya zauna da magagari yana goge gindin, ya ɗora a kan gilashin taga ya ga ko za ta yi rawa. Hannunsa duk ya yi kanta, amma har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Da suka fito, jama'a, ban taɓa ganin tukwane masu kyau irinsu ba. Farare tas, jere daga babba har ƙarama, ga WASILA a jikin kowace.

Shekaranjiya da hantsi ina guga, wayata ta yi ƙara. Suma'ila ne.

"Sheri, kina gida?"

Na rubuta, "Ina zan je, amarya guda?"

"Ki sa ƙaramar tukunyar a jaka ki zo gidan Yaya Hadiza. Kar ki faɗa wa kowa."

"Lafiya?"

Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge. Can sai ga shi: "Ki dai zo."

 Na zura doguwar rigata ta atamfa mai ruwan ganye, na ɗora hijabi toka, na ce wa Inna zan je wajen tela. Tukunyar na naɗe ta a ɗankwali na cusa a jaka, na tari kabu-kabu zuwa Zango. Yaya Hadiza ita ce babbar yayarsa, a gidanta aka ajiye plak ɗin kafin a tare.

Na same su a falo, murhun a kan ƙaramin tebur, an jona shi. Yaya Hadiza ta amsa gaisuwata ba ta kalle ni sosai ba. Suma'ila yana tsaye cikin rigar aikinsa, gumi ya jiƙa masa ƙeya. Ya karɓi tukunyar ya zuba ruwa, ya ɗora, ya danna. Murhun ya yi ɗit, ɗit, ɗit, wata jar alama ta riƙa ƙiftawa, sannan ya mutu. Na sa yatsa a ruwan, sanyi ƙalau.

Na ce, "Ya lalace ne?"

 Hannu ya sa a aljihu ya fito da ɗan ƙaramin mayen ƙarfe. Wallahi tun bai kai shi jikin tukunyar ba na gane komai. Ni za a nuna wa mayen ƙarfe? Ya manna shi a gindin, ya sake shi, abin ya faɗo kan tabarma.

Ya ce, "Shi murhun ba ya zafi da kansa, Wasila. Ƙarfen gindin tukunya yake sa wa zafi. In ba ƙarfen da maye ke kamawa ba ne, a wurinsa kamar ba a ɗora komai ba."

Yaya Hadiza ta ɗauko wani tsohon kwanon samira duk ya ɓantare, ta ɗora. Kafin in gyara zama ruwan ya fara tsuwa. Ta ce, "Kin gani? Wannan yana yi. Kaskon baƙin ƙarfe ma yana yi. Inoks kuma, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sai an gwada, wani ya kama, wani ya ƙi, shi ya sa in za a je kasuwa a tafi da mayen a jaka. A duba gindin ya zama mai kauri, ya cika zanen da'irar nan. Amma ta ƙasa, da ta gilashi, da dalma..." 

Na juya wurinsa. "Yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Suma'ila, da kai nake. Yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na saya. Mai shagon ya faɗa min."

"Wato ranar da ka durƙusa a zauren Baba, ka sani?"

"Na buɗe baki zan faɗa, Allah shi ne shaida. Sai ya ce an gama. Ta yaya zan ɗaga kai in ce wa surukina, a cikin zaurensa, sana'arsa ba za ta yi a gidana ba? Na ce bari in tura wani ya faɗa masa. Kafin in samu wanda zan tura, na ji an ce Gwaggo ta kawo tata. Daga nan kuma bakina ya mutu gaba ɗaya."

Na ce, "Bakinka ya mutu! Kullum muna waya har kunnena ya yi zafi, ina ba ka labarin yadda Baba ke goge gindin tukunya, kana cewa masha Allah. A nan bakinka bai mutu ba?"

"Ina ta neman dabara ne. Kin ga wannan." Ya jawo wani faifan ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, wai ya sa an yanko masa don a shimfiɗa a ƙasan tukunyar. Ya gwada a gabana. Faifan ya yi zafi har yana wari, ruwan ciki ko ɗumin kirki bai yi ba murhun ya sake kashe kansa. Ya ce akwai na ainihi da ake sayarwa, amma shi ma ɓata wuta yake yi, baterin gidansa ba zai ɗauki tuwo a kai ba.

Yaya Hadiza ta ce, "Ke, kwantar da hankalinki. Mu sayo na inoks mu ɓoye a ƙasan gado. Na Baba a jera su a kabet, kowa ya shigo ya gani ya yaba. Wa zai sani?"

Na ce, "Yaya, tukunyar Gwaggo Kande ce a ciki. Ba don a jera ta a kabet ta rabu da ita ba."

Suma'ila ya ce, "To me kike so in yi? In bar ki ki hura gawayi ki mutu min?"

"So nake da ka yi magana lokacin da magana ke da amfani!"

Kuka ya ƙwace min, ƙirjina ya fara ƙugi, sai da na lalubo abin shaƙata a jaka. Ya matso, na ɗaga masa hannu. Na naɗe tukunyata na fito ko sallama ban yi ba. Ina kan kabu-kabu saƙonni na ta shigowa. "Yi haƙuri." "Don ke na yi." "Kar ki faɗa wa Baba, zan san yadda zan yi." Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona min rai. Ina son mutumin nan, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Amma a ranar da zan iya shaƙe shi da na yi.

Da na koma gida na ja Inna ɗaki na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta leƙa tsakar gida ta sakaya ƙofa.

Ta ce, "Rufe bakinki. Kin ji ni? Rufe shi ruf."

"Inna, ai dole ya sani."

"Dolen wa? Kin ga yadda ubanki yake kafin aikin nan? Abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Yanzu ya miƙe, ya bi Kasuwar Dole yana faɗa wa abokan sana'a ya gano zubin zamani, ke kuma ki je ki kayar da shi? Ki ce wa yaron ya mayar da abinsa ya sayo gaz kamar kowa."

"Ya rantse, Inna. Kuma ko ya saya, an sha yin sati babu gaz a garin nan. Ranar da babu, gawayi zan hura?"

 Inna ce ke riƙe ni a bayan mota duk ranar da za a kai ni asibiti, ta fi kowa sani. Can ta ce, "To a yi yadda Hadiza ta ce. Ƙarya ce, amma Allah ya ga dalili." Ta fita ta bar ni zaune a bakin gado.

Ta taga ina hango Gwaggo Kande a gindin bishiyar dalbejiya, ta baje tukwanen a gabanta tana goge su da toka, ko da yake babu abin da ya taɓa su. Tun da aka gama zubin aikinta ke nan. In ta kai kan babbar sai ta daɗe, tana shafa bakinta da tafin hannu.

Na yi niyyar bin maganar Inna, wallahi na yi. Jiya da safe ne abin ya ƙi. Baba ya aiko in same shi a maƙera, ba a kunna wuta ba. Na same shi zaune a kan turmi cikin tsohuwar rigarsa mai ƙunar tartsatsi, fuskarsa fal fara'a.

Ya ce, "Auta, zauna. Na yi wani tunani. Gwaggonki ba za ta tsaya biki ba, ta ce 'yan awakin da suka rage mata babu mai nema musu abin ci. To ki ce wa Suma'ila, ranar Alhamis in za su kawo akwati su haɗo da murhun. A jona shi a nan, ki tuƙa tuwo a babbar, Yaya ta ci da bakinta kafin ta tafi. Na faɗa wa su Malam Sule na kasuwa ma su zo su gani."

 A gaban dangin miji, a gaban abokan sana'arsa, murhun zai yi masa ɗit, ɗit, ɗit. Na kalli Inna da ke tsaye a bakin madafa, ta girgiza min kai. Na kau da ido.

Na ce, "Baba."

"Na'am, auta."

"Murhun nan... ba gindin kawai yake dubawa ba."

Ya tsaya yana kallona.

"Sai abin da mayen ƙarfe ya kama."

Ban ƙara ko kalma ba, kuma bai nemi ƙari ba. Wa zai yi wa Malam Alkasum bayanin abin da maye ke kamawa? Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya miƙa hannu ya ciro mayensa daga ƙusa, ya juya shi a tafinsa. Sannan ya tashi ya taka zuwa tarin da ke bayan katanga, ya saki igiyar. Ƙaf! Wani tsatsattsen murfin gwangwani ya manne.

Ya ce, "Wato wannan yake so. Abin da nake tsincewa ina zubarwa tun kafin a haife ki."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Ke me kika yi?" Ya ɓamɓare murfin ya yar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dawo ya zauna a kan turmin, ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ki, ki faɗa min tsakaninki da Allah. Yaron nan, yaushe ya sani? Kafin in narkar da ta Yaya, ko bayan?"

Sai a lokacin na lura da Gwaggo Kande. Tana tsaye a ƙofar maƙera, murfin babbar tukunyar a hannunta, toka har gwiwar hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Kalma ɗaya ce za ta cece shi. In ce "bayan", shi ke nan, kuskure ne, kowa na yi. Inna tana can tana min alama da ido. Na buɗe baki, na kalli hannun Gwaggo, kalmar ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai kamar yadda Suma'ila ya yi a zaure.

Baba ya gyaɗa kai. "Na ji."

Ya tashi ya je gindin dalbejiya ya ɗauko babbar tukunyar da hannu biyu, ya kawo gaban yayarsa ya ajiye. Ya ce, "Yaya, ɗauki. Taki ce. Zan goge sunan."

Gwaggo ta dubi tukunyar, ta dube shi. Ta ce, "Na faɗa maka tun ranar, Alkasum. Me zan dafa a ciki?"

 Ta durƙusa ta rufe tukunyar da murfinta a hankali, ta koma cikin gida.

Baba ya mayar da mayen jikin ƙusa. Bai juyo ba ya ce, "Wasila, ki faɗa wa yaron, danginsa su dakata da akwatin nan tukuna."

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Suma'ila ne: "Sheri, na samo wani dattijo da zai je ya yi wa Baba bayani gobe. Kar ki ce komai kafin nan."

Tun jiya saƙon yake nan a buɗe, har yanzu ban ba shi amsa ba.